Sabulu a Kan Tebur

Ka ce ba za ka je taron ba saboda bakin mutane. To gyara zama in ba ka misali. Sunan garin ya kwanta mini, yawo ya yi yawa, amma labarin yana nan daram.

An yi wani marubuci mai rubuta labaran binciken laifi, irin waɗanda ake tsintar gawa a shafin farko, ba a sanin wanda ya yi kisan sai a na ƙarshe. Daga ɗakinsa yake gina komai, bai cika taka ƙafa inda labarin ke faruwa ba. A wani littafinsa ya sa aka kashe wani falke a bayan karofi, inda marina ke rini. Shaidu suka ce sun ga hannu shuɗi. Sai ya rubuta cewa mai kisan marini ne, ya je bakin rijiya ya wanke hannu da sabulu, ya fito fes ya shige cikin jama'a, da ƙyar sufeto ya kamo shi. To, duk wanda ya taɓa gaisawa da marini ya san shuni ba ya jin sabulu. Farce yake shiga da tsagar fata, ya zauna zaman ɗan gida. Masu karatu suka samu abin yi. Suka laƙaba masa Mai Sabulu, sunan ya bi shi har ƙofar masallaci. Mai shayin unguwa ma in ya hango shi sai ya ce, "Malam, shayi za a kawo ko ruwan wanke hannu?" Shekara guda cur alƙalaminsa bai ɗiga ko harafi ba. In ya zauna gaban takarda, dariyar nan ce ke riga shi zama.

Ana nan sai aka aiko masa da takardar gayyata zuwa taron marubuta da masu karatu. Wani babba a cikin marubuta, wanda yake ganin girmansa, ya ba shi shawara ya yi zamansa. Ya ce marubuci kamar dodo yake, kwarjininsa a ɓoye yake, ido kuwa wanda yake gani kullum shi ya raina. Marubucin ya ɗauki shawarar ya juya ta kwana uku, ya ga ai shekara guda ke nan yana ɓoyon, kwarjini bai dawo ba, alƙalami ma ya tafi. Ya ce in dariya ce, to a yi ta a gaban idonsa, ya ga haƙoran masu yin ta. Ranar taro da hantsi ya sa babbar rigarsa, ya biya kanti ya sayi sabulun wanki guda, ya jefa a aljihu.

Rumfa ta cika maƙil. Da aka kira shi, tun kafin ya kai ga kujera aka fara raɗe-raɗin sunan nan. Ya fito da sabulun ya dangwarar a kan tebur, ya ce, "Ga sabulun, ga mai shi." Sa'an nan ya buɗe littafin daidai shafin da ya jawo masa, ya karanta da ƙarfi, bai tsallake kalma ba. Aka yi dariya har da masu share hawaye. Yana tsaye, bai sunkuyar da kai ba.

Da dariya ta lafa, wani tsoho ya taso daga baya, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Marini ne. Ya nemi buta, ya ɗauki sabulun, ya cuɗa a gaban kowa. Kumfa ta zuba fara, hannu yana nan yadda yake. Ya ce, "Shekara arba'in ke nan ina wannan wankin, Malam, uwargida ma ta haƙura. Amma ba dariya ta kawo ni ba. Sau uku aka karanta mini littafin nan, kuma wanda ya yi kisan ba namu ba ne. Wanda shuni ya saki hannunsa da wanki ɗaya, ran nan ya tsoma shi, don a ga shuɗi a ce mu ne. Sufetonka ya bar tambaya a ƙasa: wa ya sa shi?"

Marubucin ya ji wani abu ya motsa a kansa wanda ya yi shekara bai motsa ba. Wata marubuciya da ke zaune kusa da shi ta karkato ta ce, "Yaya, in ba ka son labarin nan, ni ina so." Ya ce, "Ba na bayarwa." Ya ari alƙalaminta, ya juya takardar gayyatar, ya cika bayanta da rubutu kafin a kira sallar azahar.

Mako biyu ya yi yana zuwa karofi, yana zaune bakin rami wajen tsohon, yana tambaya har aka gaji da shi. Marubuciyar nan ita ta duba masa littafi na biyu, ta ciro masa kurakurai uku kafin su kai ga mai shayi. Da littafin ya fito, a bangonsa ƙarƙashin sunansa ya sa aka buga Mai Sabulu da manyan haruffa. Babban nan da ya ce a zauna kuwa yana can ɗaki da kwarjininsa, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Saboda haka ɗauki takalminka ka tafi, ka tafi da kuskurenka a aljihu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.