Tafiyar Malam Zaharaddeen

Yana duƙe yana duba shukar albasarsa da hantsi, sai ji ya yi an kifa mishi buhu a kai. Kafin ya yi salati an ɗaure mishi hannu da igiya, ido da tsumma, an cusa mishi auduga a kunne, an ɗora shi kan babur.

Malam Zaharaddeen ya daɗe yana koyar da fiziks a wata sakandare da ke Yelwan Yauri, don haka ko a cikin tsoro kansa bai daina awo ba. Sun yi gudu a kwalta, suka faɗa burji. Aka tura shi cikin kwalekwale mai inji, ruwa na fantsar mishi a fuska har rana ta koma bayansa. Aka sake hawa babur, sannan tafiyar ƙasa cikin ƙaya. Ya haɗa gudu da lokaci, ya yanke cewa an wuce da shi garin Warra nesa, an tsallaka dazukan jihar Neja.

Kullum yakan gaya wa ɗalibansa cewa nisan tafiya daban, tazara daban. Na farko duk hanyar da ƙafa ta taka ne, na biyu kuwa miƙaƙƙen layi ne daga mafari zuwa matsaya. To amma wa ke tuna allo da bakin bindiga a haƙarƙarinsa?

Inda aka jefa shi, ko kare ba zai kwana ba. Kashin awaki ya jiƙe da fitsari ya zama caɓi, ƙudaje na shiga mishi baki, bokitin bahaya na gefen kansa. Ga wani janareto da ba ya mutuwa. Tuwon da ake turo mishi da ƙafa, miyarsa lami ce, ko ƙwayar gishiri babu. Haka yakan haɗiye shi. Abu ɗaya ya gode wa Allah a kai: likita dama ya hana shi gishiri.

"Ɗan'uwanka na ƙoƙari," in ji wani mai shaƙaƙƙiyar murya, bakinsa dab da audugar. "In gonar ta sayu, ka tafi gida."

Nan hawaye ya jiƙa tsumman. Gonar bakin ruwa ce ta gado, wadda ƙanensa Maikuɗi ya sha roƙon a sayar, shi kuwa ya ƙi. Har katanga ya gina tsakanin gidajensu saboda wannan rigima. Ga shi yau yaron ne ke faɗi-tashi dominsa. Ya ji ƙyamar kansa ta fi ta ɗakin.

Ran da igiyar hannunsa ta ruɓe da danshi, ya murza ta har ta tsinke. Ya fizge tsumman, hasken rana ya kashe mishi ido. Mai shaƙaƙƙiyar muryar da ke gadinsa ba ya nan. Ya rarrafa cikin ƙazanta ya fita, yana laluɓe, ya ci karo da katanga. Ya ƙudurta ko wata guda zai yi yana tafiya, sai ya ga Yauri.

Ya kama katangar, ya haye, ya saki jiki.

Tim! Ya faɗo tsakar gidansa, a gaban matarsa Hajara da 'yan jaje, da Maikuɗi da ke tsakiyarsu yana sharar hawaye.