Barmani a Gaban Na'urar Gwaji

Tun da aka kafa dokar gwajin dangi, duk mai ɗan'uwa da ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya hana shi barci, sannan ya nutsar da shi cikin baƙin ciki, ba ya tuƙi sai na'ura ta auna ƙwaƙwalwarsa. Barmani kuwa motar 'yan makaranta take son ja. Bara ta faɗi: na'urar ta jero kalmomi don ta maimaita, rabi suka zube mata.

Yau yayanta Tanimu, mai ciwon, shi ya rako ta, yana saɓe da 'yarta Ladiyo.

"Ni na ja miki wannan," in ji shi.

"Haba Yaya! Kai ka zaɓo mana jini? Ka sha maganinka dai?"

"Na sha. Kar ki manta dabararmu."

Da ta shiga, na'urar ta fara: tulu, gada, allura, rimi. Barmani ta shiga buga tebur kamar mai luguden taɓarya, tana ɗora kowace kalma a kan waƙar dakan Innarsu, yadda Tanimu ya koya mata tun damina. Ko ɗaya ba ta kuɓuce ba.

"Akwai ɗan jinkiri, amma kin wuce," in ji na'urar. "Kina da 'ya'ya? Faɗi sunayensu, su ma gwajin na jiransu."

Barmani ta faɗi sunan Ladiyo.

A waje ta tarar Ladiyo na jan gemun kawunta.

"Na ci, Yaya," ta ce. "Gobe sai ka fara koya mata waƙar."