Kwamfuta Mai Ƙofa Biyu

Malam Maiwada ya danna maɓalli, kwamfutar ta tsaya masa a baƙin allo da wasu rubuce-rubucen da ba ya ganewa. Ba kullum take wannan iya shegen ba. Sai ta yi kwana shida lafiya lau, rana guda ta ƙi tashi, kuma kamar da gayya sai washegarin kasuwar Ajingi, lokacin da gajiyar cinikin gyaɗa ba ta sake shi ba, ga jarrabawar ɗalibansa tana jiran bugawa.

Ƙofa biyu gare ta. Idan an kunna sai ta tambaya: Windows ko Linux? Windows nasa ne. Linux kuwa matarsa Hajara ce ta saka tun tana kwaleji, a ciki ta tara hotunan 'yarsu Sadiya. Da yarinyar ta rasu, hira ta mutu a gidan, har Hajara ta koma gidan iyayenta a can ƙarshen garinsu, Toranke. Wata bakwai ke nan. Bai je biko ba, ita ma ko aike ba ta yi ba.

Ya sauya waya, ya busa ƙura, ya zargi batirin sola. Agogonta ma ya shiga raina masa hankali, wani lokacin sai ya ja baya da awa guda. Shi kaɗai a gida, babu wanda zai yi wa ƙorafi. Kewa ce ke cinsa, amma ya gwammace ya ce kwamfuta ce.

Ranar nan ya ɗaure ta a bayan mashin, ya kai wa Gwadabe mai gyara a Gaya.

"Goge mini wancan ɓangaren," in ji shi. "Mai shi ta manta da shi."

"Har da hotunan za su tafi fa, Malam."

Maiwada ya kau da kai. Shi bai san lambar sirrin buɗe ɓangaren ba, balle ya kalle su. "Goge."

Gwadabe ba mai gaggawa ba ne. Ya soka filas ɗinsa na gyara a jikin kwamfutar, ya leƙa inda kwamfuta ke ajiye tarihin kunnawa da kashewarta, ya daɗe yana karantawa.

"Lafiyarta ƙalau, Malam. Fizge mata wuta ake yi tana tsakiyar aiki, shi ya sa take rikicewa."

"Ni ban taɓa ba."

"Ba ɓangarenka ba, wancan. Duk ranar kasuwa ana buɗe shi da hantsi, sai wajen la'asar a fizge."

La'asar, daidai lokacin da ƙarar mashin ɗin Maiwada ke karyo kwanar gida daga kasuwa. Ya riƙe hannun Gwadabe kada ya goge, idonsa ya ciko. Mutum ɗaya ce ta san lambar nan, kuma sai yanzu ya tuna Hajara ba ta taɓa dawo masa da makullin gida ba.