Kwana Goma Sha Tara Ba Magani

Wani ya yi ganganci da ran mutum a Zaitawa, kuma har yau bai san ya yi ba.

Aikin Kausar shi ne ta zauna gaban kwamfuta tana bibiyar manhajar da ke tuna wa masu sankarar mama shan magani. Kullum ƙarfe takwas na safe waya za ta yi magana da ƙarfi, saboda waɗanda ba su yi boko ba: "Hajiya, kin sha maganinki?" In an sha, a danna kore. In ba a danna ba, suna ya koma ja. Kausar ta ga ja ta gaji, har ya daina taɓa ta.

Yau ga wani suna a kwamfutar: H. Ɗantani, Zaitawa. Ja, kwana goma sha tara. Ƙwayar maganin nan kuwa ita ke tare ciwon kada ya dawo bayan tiyata.

Ta kira lambar. Namiji ya ɗauka.

"Malam, ba ni mara lafiyar."

Ya ce, "Ina jin ki."

"Ba da kai zan yi ba. Ba ni ita."

Ya kashe.

Ta san irinsu, masu riƙe wayar mace su hana ta asibiti. Ta ɗauki jaka, ta tari adaidaita.

A zaure ta tarar da maigidan cikin abokansa suna ɗinkin hula. Shi kaɗai ba ya riƙe da allura. Hannunsa na hagu a kumbure bisa cinya, waya a kife gefensa. Ta gaishe su a tsaitsaye ta shige ciki, don me mace za ta tsaya yi a zaure?

Matar gidan, Baraka, tana daka da iya ƙarfinta.

"Hajiya, me ya sa kika bar magani? Shi ya hana ki?"

Baraka ta jingine taɓarya, ta goge hannu a zani. Ko fushi babu a muryarta.

"Wata uku wayar nan tana wannan tambaya a zaure, gaban mutane. Ranar da suka kasa riƙe dariya aka kife ta, aka bar ƙwayar. Ni lafiyata ƙalau, Malama. Mai ciwon kin wuce shi a zaure. Hambali ne sunansa."

To, ku da kuka biyo Kausar har tsakar gida, wa zai rantse a cikinku shi bai wuce shi ba?