Shamuwar Gidan Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani zamani mai zuwa, manyan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya: duk inda tsuntsu mai zobe a ƙafa ya yi sheƙa, taku ɗari kewaye da wurin ya fita daga hannun ƙasarmu.

Ran nan shamuwa ta sauka ta yi sheƙa kan tsamiyar gidan wata tsohuwa, Tabawa. Baƙuwa mai kawo damina, wa zai kore ta? Tabawa ta ajiye mata ruwa a kasko.

Sai wani zobe a ƙafar shamuwar ya yi magana da Hausa tiryan-tiryan: "Mun gode, Tabawa, kin karɓi baƙuwa. Ku tashi kafin la'asar."

Tabawa ta ruga wurin Maigari Jatau. "Ranka ya daɗe, ruwa fa kawai na ba ta! A ɗakin nan na haifi 'ya'ya tara."

Maigari ya rako ta, amma ya tsaya cak a bakin lungu. "Iya, nan sarautata ta ƙare. Ko Gwamna sai da takardar shiga."

"To, wa zan kai wa kukana?"

Daga kan tsamiya aka ce, "Muna ji."

Tabawa dai ta koma gidan 'yarta. Maigari ya sa aka sare sauran itatuwan garin kaf, kada wata ta sami wurin sheƙa. Shamuwa kuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, kowanne ya fito daga ƙwai da zobensa. Ƙurunƙus.