Sunayen da Baba Tanimu Ke Tsaro

A garinmu ana cewa Baba Tanimu bai taɓa fashin duba ajiyar sunayen mutanen gari ba. Kullum da safe yakan buga umarni a baƙin allon kwamfuta, ta amsa masa: an adana.

Doka ta hana binne wanda babu sunansa a rajista. Ranar da babbar na'urar rajistar gari ta ƙone, ajiyar Baba kaɗai ta rage, Tabawa ta zo, gawar mijinta na zaure.

"Baba, fito mana da sunansa, rana tana yi."

Ya buga. An adana. Amma a gefe, inda ake nuna yawan sunaye, sifili ne. Shekara tara yana ganinsa, bai taɓa tambaya ba.

"Baba, ka yi shiru."

Ya juyo gare ta.

"'Yata, babu kowa a ciki, har ni. Ki yafe mini."