Mai Riƙon Ƙofar Ruwa

Wani dattijon likita ya ba wani magidanci mai hawan jini wannan misali, ranar da ya tambaye shi abin da ke faruwa a jikinsa.

Ya ce an yi wani manomin rani da ya gaji lambun albasa tare da ƙanensa. Ruwansu daga rafi yake zuwa ta wata magudana mai bangon laka. Ƙanen ne ke tsayawa a ciki, ruwa na dukan ƙwaurinsa, shi ke jin ƙarfinsa. Wan kuwa yana can ƙasa riƙe da katakon ƙofa, ba ya ganin abin da ke tafe. In ruwa ya yi nauyi sai ƙanen ya yi fito, wan ya sassauta. In ruwan ya ja baya, wan ya matse ƙofar. Haka suka shekara da shekaru, albasarsu ta yi suna har kasuwannin nesa. Wata rana ƙanen ya gyara wa wan magana a gaban surukan wan. Abin ya tsaya wa wan a rai, ya ce daga yau yaron da ya goya ba zai ƙara juya shi da fito ba.

Ana nan aka yi ruwa can kan duwatsu, alhali a lambu rana tsaka take. Wan ya ji fito, ya kau da kai. Ya ji kira: "Yaya, saki! Ruwa ya fi ƙarfin bango!" Ya dubi sama, babu ko gajimare, ya ƙara danne katako. Bango ya kumbura, ya tsage, ya ɓalle. Ruwa ya share kunyoyin albasa, ya maka ƙanen da dutse. Da hannunsa wan ya jawo shi daga taɓo. Ƙanen ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa ba, wan ne ke goya shi zuwa masallaci har tsufa.

Likitan ya ce, "Malam, haka jijiyar jini take. Shimfiɗar da ke cikin jijiyar ke jin gudun jini, ita ke aika wa naman da ke kewaye da ita saƙo ya saki ko ya matse. Ranar da saƙon ya daina isa, bangon ke shan wahala. Hausawa sun ce, wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba."